Ranar da Aka Juya wa Nomau Baya

Dalilin da ya sa ɗan kokawa yake zagaya fili ya durƙusa wa 'yan kallo kafin ya kama abokin karawarsa, ku matso ku ji. Ni abin yana ɓata mini rai duk lokacin da na tuna, don rashin kunyar mutum ɗaya ce ta jawo shi.

A da ba a yin wannan gaisuwa. A wani gari da ake kira Gangaren Rimi, akwai wani ƙaton ɗan kokawa, Nomau, wanda bayansa bai taɓa taɓa ƙasa ba. Ƙarfi kam Allah ya ba shi, amma hankali sai a hankali. Akwai kuma Barmo, ɗan siriri mai zillo kamar tarwaɗa, wanda mutane suke so don yana sa su dariya.

Wata kaka, bayan an gama girbi, aka haɗa su. Nomau ya kasa cafke Barmo, sai ya finciki walkinsa ya maka shi da ƙasa. Fili ya ɗauki ihu: "Ba kaye ba ne! Walki ya ja!"

Nomau ya juyo idanu jajir. "Ku rufe mini baki, matsorata! Wanda ko ɗan akuya bai iya kayarwa shi zai koya mini kokawa? Aikinku cin gyaɗa da ihu. Kokawa ta mutum biyu ce, ina ruwan na uku?" Sai ya nuna Barmo da yatsa. "In ka haifu, ka same ni gobe a busasshen rafi. Ba kiɗa, ba idon kowa."

Barmo ya ji kunyar a ce ya tsorata, ya je.

Da suka kama, Nomau ya karkatar da shi har gwiwar Barmo ta dunguri yashi. A fili da nan an gama, jama'a sun ruga sun raba su. To, a rafi wa zai ce ya isa? Barmo ya ce santsi ne, Nomau ya ce kaye ne. Suka sake kamawa, wannan karon da zagi. Aka kai ga cizo da shaƙe wuya. Can Nomau ya ɗaga Barmo sama ya buga shi a kan dutse, ƙugunsa ya karye.

Aka kai magana gaban mai gari. A al'adarsu, raunin da aka ji a wasa ƙaddara ce, ba a kama kowa. Amma wanda ya karya ɗan'uwansa a faɗa, korarsa ake yi daga gari. Nomau ya faɗi yana cewa, "Ranka ya daɗe, wasa muke yi."

Gwamma, uwar Barmo, ta yi kukan kura ta miƙe. "Wasan uwar wa? Ɗana da yake noma mini gona yana can kwance ko juyi ba ya iyawa, ka ce wasa? Wa ya kaɗa muku ganga? Wa ya ce ku fara, wa ya ce ku bari? Allah ya isa tsakanina da kai!"

Mai gari ya ce, "Nomau, kawo mini mutum ɗaya da ya gani, in sallame ka."

Nomau ya duba dama ya duba hagu. Duk mutanen da ya zage su ne jiya a fili.

Mai gari ya ce, "Ba zan kore ka ba. Ka ce ba ka buƙatar ido, to, ka je ka yi ta kokawarka."

Nomau ya ɗauka ya tsira. Da wata kakar ta zo, ya shiga fili yana taƙama. Sai makaɗa suka kife gangunansu, maza da mata da yara duk suka juya masa baya. Ya kama wani ya kayar, ba wanda ya ce uffan. Ya yi kirari, muryarsa kaɗai yake ji. Wanda ya kayar ɗin ya tashi ya karkaɗe jiki ya ce, "Ni? Yaushe?"

A nan gwiwar Nomau da ba ta taɓa taɓa ƙasa ba ta sauka da kanta. Ya bi da'ira yana jan gwiwa, yana roƙon ƙeyar mutane ɗaya bayan ɗaya. Ko tari ba wanda ya yi, kuma ni ban ga laifinsu ba. Har ya iso gaban wani mai dogara sanda.

Barmo ne. Ya juyo a hankali ya ce, "Ni zan kalle ka. Ba don na huce ba. Don kada ka sake samun wani a inda ba mai cewa ya isa."

Sai sauran suka juyo, makaɗa suka ɗauki ganga. Barmo kuwa bai sake shiga fili ba, da ɗingishi ya tsufa.

Shi ya sa har yau, komai girman ɗan kokawa, sai ya zagaya ya durƙusa wa masu cin gyaɗar nan kafin ya taɓa kowa. Ku kuma, in na sake jin kun ja juna bayan rumbu kuna cewa wasa ne, ni da ku ne.