Sitiyarin da Ya Gagari Loretta

Akwai wani dattijo a wani ƙaramin gari kusa da Flint, a jihar Michigan, ana ce masa Rudy Sadowski. Mutumin kirki ne, ba mai musu. Amma in dai a kan mota ne, bakinsa ba ya hutawa, kunnensa kuma ba ya aiki.

Yana da wata jar mota ƙirar 1970, irin masu dogon bonet da injin silinda takwas, waɗanda in an tayar da su sai tagogin maƙwabta sun yi rawa. Shekara talatin da ɗaya bai taɓa fashin zagayen Agusta da ita ba, ranar da tsofaffin motoci ke jeruwa a babban titi suna tafiya a hankali, jama'a na zaune a bakin hanya suna ɗaga musu hannu.

A bana idonsa ya ba shi kunya. Tsakiyar ganinsa ta dushe, sai gefe-gefe yake gani, likita ya ce tuƙi ya ƙare.

Saura mako biyu zagayen, ya miƙa wa matarsa Loretta makulli, fuskarsa kamar ana cire masa haƙori. Duk zamansu bai taɓa barin ta zauna a kujerar direban motar nan ba.

Loretta ta sa ribas, ta kama sitiyari da hannu biyu ta ja. Sitiyarin ya ɗan motsa, ya cije. Ta ƙara ja har ta ɗago daga kujera, motar dai ta miƙe abinta. Saura ƙiris ta kwashe akwatin wasiƙu.

Ta kashe injin ta fito tana yarfe hannu. "Wannan ba sitiyari ba ne, Rudy, dutsen niƙa ne."

"Haka ake ƙera su," in ji shi. "Ki ƙara ƙarfi kawai."

"In ƙara ƙarfi? Titi cike da jikokin mutane, in shiga da motar da sai na roƙe ta kafin ta juya? Ba da ni ba. Ka gyara ta in kai ka zagayen. In kuwa ba ta gyaru ba, ka san motar da ba mai tuƙa ta sayar da ita ake yi, kafin ƙanƙara ta sauko."

Maganar ta yi masa zafi ƙwarai, don ya san gaskiya ce. A ranar ya rantse cewa ko da lalube ne sai ya gyara sitiyarin nan.

Da lalube kuwa ya yi. Ya yanke cewa famfon man sitiyari ne ya gaji, ya sayo sabo, ya kwana biyar yana ɗaurawa. Ya canza bel, ya zuba sabon mai. Yatsunsa duk suka yi taruwar jini.

Maƙwabciyarsa Odessa Pruitt tana kallonsa ta kan shinge, da kofin kofi a hannu. Ta yi shekara ashirin da takwas tana gyaran bas-bas na makarantun gundumar kafin ta yi ritaya, Rudy kuwa bai taɓa ɗaukar wannan a matsayin kanikanci ba.

"Maƙwabci," ta ce, "ka ɗaga gabanta a jak kuwa, ka ji inda take riƙewa?"

"Odessa, wannan fa ba bas ɗin 'yan makaranta ba ce."

"Gaskiyarka. Bas ɗina tana juyawa."

Ya yi kamar bai ji ba. Loretta ta gwada motar da sabon famfo, babu abin da ya canza.

Sai ya ɗora wa tayoyi laifi. Ya kwance masu faɗin nan na gaba da yake alfahari da su, ya sa sirara, ya ƙara musu iska. An ɗan samu sauƙi, amma Loretta ta je ƙarshen layi ta dawo tana girgiza kai. Ta ce in ta sha kwana sitiyarin ba ya komawa da kansa, sai ta ja shi da ƙarfi.

Ranar Laraba ce, saura kwana uku. Rudy ya kifa bokiti a gareji ya zauna a kai. Girman kansa na ce masa ya sayo wani abu kuma ya gwada. Ya lissafa kwanakin, ya ga ba su isa a yi caca da su ba.

Ya tashi, ya bi shinge da hannu har ƙofar Odessa, ya cire hularsa.

"Na zo ne ki duba min," ya ce, muryarsa can ƙasa.

"Me ka ce? Kunnen 'yan bas ba ya ji sosai."

"Haba Odessa, don Allah. Na ce ki taimaka min."

Ta yi dariya, ta ɗauko akwatin sifanunta. "Mu je. Amma yau ni ke magana, kai hannu ne kawai."

Suka ɗaga gaban motar har tayoyi suka bar ƙasa. Odessa ta hana shi tayar da injin. Ta zaunar da shi a kujerar direba ta ce, "Sa yatsu biyu kawai. Juya daga wannan ƙarshe zuwa wancan, a hankali. Ba ido ake buƙata a nan ba, faɗa min abin da hannunka ya ji."

Rudy ya juya. Daga gefe sitiyarin na tafiya, da nauyi dai amma yana tafiya. Yana zuwa tsakiya, sai ya cije.

"A tsakiya yake riƙewa," ya ce.

"To ka gani. Ba taya a ƙasa, ba injin a kunne, ga shi yana riƙewa. Famfo bai yi maka komai ba, bawan Allah."

Ta kwanta a ƙarƙashin motar, ta raba sandar da ke haɗa tayoyi da akwatin sitiyari, wato akwatin giyar da ke juya su, don a san wane ɓangare ne mai laifi. Ta sa Rudy ya tura taya da hannu. Mahaɗan ƙarafan suka yi ƙara, sun bushe ƙamas. Ta ba shi famfon giris, ta riƙa ɗora hannunsa a kan kowane bakin zuba giris yana matsawa, har tayoyin suka riƙa lilo da hannu ɗaya.

"Wannan rabin nauyin ke nan," in ji ta. "Koma ka juya."

Ya koma ya juya. Sitiyarin da ba a haɗe da komai ba ya sake cijewa a tsakiya.

Odessa ta leƙa cikin bonet, ta goge saman akwatin sitiyarin da tsumma. Akwai wata 'yar ƙusa mai zare a wurin, da noti a gindinta, wadda ake saita haƙoran giyar ciki da ita. Ta ɗago kai daga bonet.

"Wa ya ɗaure ƙusar saitin nan har ta kusa nutsewa? An danne haƙoran a kan juna, numfashi ma ba sa yi."

Rudy ya kau da kai. Loretta ta shigo ke nan da farantin gasasshen burodi da cuku, ta tsaya tana kallonsa. Ta san halin mijinta.

"Rudy?"

"Ni ne," ya ce. "Sitiyarin ya taɓa yin ɗan wasa. Wani a wurin zagaye ya ce min a ɗaure ƙusar nan wasan zai tafi. Na ɗaure, ya tafi. Sai na ƙara murɗa ta sau ɗaya don in tabbatar."

"Yaushe ke nan?"

"Shekarar da muka canza rufin gida."

Loretta ta dire farantin. "Shekara sha tara! Ni kuma kowane Agusta ina shafa maka man zafi a kafaɗa, muna zagin tsufa!"

Odessa ta yi dariya har ta dafa mota. Rudy ya ji kunya irin wadda bai ji ba tun yana saurayi, amma bai kare kansa ba. Ya miƙa hannu kawai ya ce, "Ba ni sukundireba. Ni na ɗaure, ni zan kwance."

Odessa ta riƙe notin da sifana, shi kuma yana sassauta ƙusar kaɗan-kaɗan. Ya sassauta, ya zagaya ya gwada da yatsu biyu, ya dawo. Sau bakwai yana wannan zirga-zirga. A na bakwai sitiyarin ya ratsa tsakiya da ɗan riƙo kaɗan, wanda Odessa ta ce shi ne daidai.

"Ka ci sa'a haƙoran ba su cinye ba," ta ce. "Amma in sanyi ya shigo a kwance akwatin nan a duba cikinsa. Kuma ni zan duba, ba kai ba."

"Na ji," in ji Rudy. Loretta ta ce a rubuta ranar.

Suka mayar da komai, suka sauke motar. Loretta ta sa ribas, ta fita daga gareji sumul, ta zagaya layin sau biyu. Da ta dawo sai ta jefa makullin a cikin jakarta ta zuge.

Ranar Asabar jar motar ta shiga layi, Loretta a gaba da sitiyari, Odessa a baya da gilashin rana. Rudy na gefe. Ba ya ganin fuskokin mutane, amma yana jin muryoyinsu, daga nan a kira sunansa, daga can a kira. Ya fito da hannunsa ta taga yana ɗagawa, hawaye na zubo masa, bai ko share ba.

Da suka doso kwanar coci ya ce, "Loretta, ki bi a hankali, wannan kwanar..."

"Fasinja ba ya magana," in ji ta, ta sha kwanar da hannu ɗaya.

Rudy ya yi dariya, ya rufe bakinsa, ya ci gaba da gaishe da mutanensa.

Darasi: Kafin ka ɗora wa wani abu ko wani mutum laifi, tsaya ka bincika a hankali, don sau da yawa nauyin da kake fama da shi hannunka ne ya ɗaure shi. Kada kuma ka raina wanda ya san abin da ba ka sani ba. In akwai mai taurin kai irin Rudy a gidanku, ku tura masa wannan, ku kuma watsa shi ga sauran 'yan'uwa.