Golan da Ba Ya Tsayawa a Raga

Ɗantala shi ne golan ƙungiyar ƙwallo ta Gidan Sori, kuma ban taɓa ganin mai hannu irin nasa ba. Aibinsa ɗaya ne: ba ya iya tsayuwa wuri guda. Da zarar wasa ya koma gaba sai ƙafarsa ta fara ƙaiƙayi. Kafin ka ankara ga shi a tsakiyar fili, raga kuma an bar wa Allah.

Haka ya yi ranar da suka kara da ƙungiyar Sae Sabuwa. Wani ya hango raga wayam, ya ɗaga ƙwallo daga nesa, ta faɗa ciki. Hashimu, mai horar da su, ya dafe kai ya ce, "Ɗantala, don girman Allah mi ya kai ka can?"

"Haba Yaya, in tsaya kamar turke ana wasa ba ni?"

"Tsayuwar ita ce wasanka!"

Ɗantala ya yi dariya, 'yan kallo suka taya shi. Ai ƙwallo ce kawai.

Da 'yan bindiga suka addabi ƙauyukan bakin iyaka, ya ajiye ƙwallo ya shiga soja. Ba matsoraci ba ne, wannan kam kowa ya shaida. Wata kaka aka turo su tsaron manoma a yankinsu. Sajansu ya ajiye shi a bakin wata busasshiyar ƙorama, hanya ɗaya tilo da babur zai bi ya shiga gonakin wake. Mata na can ciki suna roro, har da ƙanwarsa Ummuhani.

"Ko mi ka ji, kar ka gusa daga nan," in ji sajan.

Da hantsi sai harbi ya tashi can yamma, inda sauran sojoji suke. Ɗantala ya kai ya komo. Ƙafar nan ta fara ƙaiƙayi. Ummuhani ta hango ya saɓa bindiga, ta ƙwala masa kira: "Yaya, kar ka tahi ka bar mu!"

"Yanzu zan komo!"

Ya ruga. Ashe harbin tarko ne. Yana isa ya tarar ƙura ta lafa, sai ya jiyo rurin babura a bayansa, da kururuwar mata. Ya juyo da gudun da bai taɓa yi a fili ba, karan gero na yankar fuskarsa, yana kiran sunan Ummuhani har muryarsa ta dushe. Ya iske ƙorya da wake a warwatse, ita kuwa an tafi da ita. Ya bi sawun babura a ƙafa, shi kaɗai, cikin ƙoramar da aka ce ya tsare. A nan harsashi ya same shi.

A amalanke aka ɗauko shi zuwa asibitin Gidan Rumji, Hashimu, da ya rugo da jin labari, na tallabe da kansa. Abin tausayi, hannun nan da ba ya sakin ƙwallo ko rigar Hashimu ya kasa riƙewa.

"Yaya, an gano ta?"

Hashimu ya girgiza kai yana hawaye.

"Ta ce kar in tahi," in ji Ɗantala. Maganarsa ta ƙarshe ke nan a duniya.

Har yau ba a ji ɗuriyar Ummuhani ba.

Darasin shi ne, jarumta ba ita ce rugawa inda ake hayaniya ba. Duk wanda aka ba wuri ya tsare, to ya tsaya, ko da kuwa ba mai tafa masa, domin akwai rayukan da ke bayansa. Halin da aka yi wa dariya a filin wasa, idan ba a gyara shi ba, wata rana kuka zai sa.