Ƙaya a Ƙafar Giwa

Ga ta nan, ku matso mana!

Ta zo, muna ji.

Ƙaya ta soki Giwa a ƙafa, ƙwayoyin cuta uku suka shige. Babbarsu ta ce, "Kar wadda ta yi cizo. Kowa ta dinga sakin wari. Ran da ya yi kauri, mun yi yawa ke nan, sai mu afka mata."

Dila ya sansana, ya ce, "Yaya Giwa, wanke ciwon nan, ana shirya miki yaƙi a ciki."

"Kai, tafi can! Ko zafi ba na ji."

Ran kwana tara wari ya cika, ƙwayoyin cutar suka taso mata gaba ɗaya. Giwa ta durƙusa, ta kasa tashi. Garken giwaye ya jira ta, har ƙishirwa ta kora su gaba.

Giwa ta ce, "Dila, bi su. Ce wa 'yata kar ta waiwayo."

Ƙurunƙus, kan ɓera, na gama.