Hannun Hagun Iya Marka

An ce wai wata Laraba da hantsi, alƙali Sambo bai ko gama gyara zama a kan buzunsa ba, sai ga wata tsohuwa ta kutso zauren shari'a ba sallama, tana riƙe da wuyan rigar wani mutum. Ta tsaya tana haki ta ce, "Jatau ɓarawo ne! Ni ya sace ya kai kasuwa, ga ni kuwa da raina."

Tsohuwar nan Iya Marka ce, ungozomar garin. Rabin mutanen da ke zauren ita ta yanke musu cibiya. Jatau kuwa mai ba da labari ne. Duk ranar kasuwa yakan shimfiɗa tabarma a gindin ceɗiya, bayan rumfar mahauta, ya buga ƙirji ya ce labarinsa sabo ne fil, kunne bai taɓa jin sa ba.

To, kasuwa uku a jere yana ba da labarin wata ungozoma da ta karɓi haihuwa biyu rana ɗaya. Ɗan matar attajiri ya zo babu rai, ɗan matar talaka ya zo da rai, sai ta musanya su saboda an yi mata alkawarin saniya. Bai ambaci sunan kowa ba. Amma ungozomar labarin bahaguwa ce, da hagu take riƙe aska. Kafin ta taɓa jariri sai ta cusa hannuwanta a hammata su yi ɗumi, sannan ta ɗauke shi ta ce, "Sannu da hanya, baƙon Allah." Duk garin kuwa mace ɗaya ke yin haka, kuma kowace uwa ta san ta.

Da farko sai gaisuwar da ake yi wa Iya Marka ta fara gajarta. Daga nan matar maƙwabcinta ta kama naƙuda, Iya Marka na jin nishinta ta kan katanga, ta wanke hannu ta zauna tana jira, har jariri ya yi kuka ba wanda ya kira ta. Sai mafi muni ya biyo baya. Shekara tara da suka wuce ta taɓa karɓar haihuwa rana ɗaya a gidan wani attajiri da gidan wani masaƙi, jaririn masaƙin ya koma. Yanzu matar masaƙin kullum tana tsaye a ƙofar attajirin tana duban kunnuwan yaronsa ko za ta ga kamannin mijinta, mazan gidajen biyu kuma sun fara yawo da sanduna. Mai unguwa ya zo da kansa ya ce wa Iya Marka, in ba ta wanke kanta kafin Juma'a ba, ta haɗa kayanta ta bar garin tun jini bai zuba ba. Ina za ta? Nan aka binne cibiyarta, nan kabarin mijinta yake, ƙafafunta ko rijiya da ƙyar suke kai ta.

Alƙali ya saurari wannan duka, sannan ya dubi Jatau ya ce, "Me ka ce?"

Jatau ya gyara wuyan rigarsa ya ce, "Allah ya gafarta Malam, ni ban kira sunan Iya ba. Labarin nan ya girme ni, ya girme ta. A bakin maigidana na ji shi, shi kuma a bakin fatake. Babu sabon labari a duniya, Malam. Haihuwa ce da mutuwa da kwaɗayi da cin amana, su ake ta juyawa tun zamanin kakanni. In wani ya ga kansa a ciki, laifina ne?"

Alƙali ya shafa gemu. Can ya ce, "Gaskiya ne. Ni ma ina yaro kakata ta ba ni shi, ta ce a Barno aka yi."

Wani tsohon falke da ke gefe ya ce, "Allah ya gafarta Malam, ni a Agadas na ji shi. Sai dai can raƙumi aka ba ungozomar, ba saniya ba."

Aka yi dariya. Iya Marka kuwa ba ta yi dariya ba. Ashe har alƙali ya san labarin? Ta lissafa a ranta: yau Laraba, gobe Alhamis. Ta tuna tukunyarta da turminta, ta rasa wanda za ta ɗauka ta bar wani. Ta dafa bango ta ce, "Malam, ni ban yi karatu ba, ban san Barno ba, ban san Agadas ba. Abin da na sani, shekara arba'in ina durƙusawa gaban matan garin nan, hannuna cikin jini, ban taɓa ɗauke ko tsumman gidan wani ba. Yau yara na ganina suna gudu. In labarin na kakarka ne, me ya sa ni ake kora?"

Alƙali bai dube ta ba. Ya ce, "Iya, labarin da ya riga ki zuwa duniya ba za a ce ke aka yi wa shi ba. A nan babu ƙara."

Jatau ya yi murmushi, ya fara neman takalmansa.

"Tsaya tukuna," in ji alƙali. "Akwai wata magana, ba ta Iya ba. Kai ne kake tsayawa a kasuwa kana cewa labarinka sabo ne. Yau da bakinka ka ce duk na gado ne. Ashe kai ba mai labari ba ne, aku ne, abin da ka ji shi kake maimaitawa. Zan sa mai shela ya kewaya gari ya faɗa cewa Jatau ba shi da komai nasa, sarkin kasuwa kuma ya ba wani gindin ceɗiyar."

Jatau ya saki takalmin. Fuskarsa ta canza. Ya ce, "Haba Malam, aku fa? Ni? Maigidana in ya ba da labarin nan mutane hamma suke yi! Ƙashi kawai ya ba ni, ni na sa masa nama. Wa ya taɓa jin ungozomar tana yanka da hagu? Wa ya taɓa jin ta sa hannu a hammata? Wannan 'sannu da hanya, baƙon Allah' da in na faɗa mata ke share hawaye, a tambayi mutumin Agadas ko ya taɓa jin sa!"

Alƙali ya dubi falken. Falke ya girgiza kai ya ce, "Ban taɓa ji ba."

"Ni ma kakata ba ta faɗa ba," in ji alƙali. "To madalla, wannan naka ne, ka amsa da kanka gaban jama'a. A ina ka samo shi?"

Sai alƙali ya juya ga tsohuwar.

"Iya, da wane hannu kike riƙe aska?"

Iya Marka ta ɗaga hagunta sama.

Alƙali ya ce, "Namiji ba ya shiga ɗakin haihuwa, Jatau. Wa ya gaya maka yadda take yi?"

Da ƙyar aka ji muryar Jatau. "Matata, Yalwa."

"Wa ya karɓi haihuwarta?" in ji alƙali.

Iya Marka ba ta jira shi ba. Ta ce, "Ni! Da ƙafa yarinyar ta taho. Tun hantsi har la'asar ina durƙushe ina lallaba ta, kai kana zaure kana kuka kamar maraƙi. Faɗa musu mana, ai ka iya magana!"

Ba wanda ya yi dariya wannan karon. Alƙali ya gyara zama ya ce, "Ka yi gaskiya da ka ce babu labarin da ba a taɓa ba da shi ba, shi ya sa ban kama ka da tsohon da ke ciki ba, wannan na kowa ne. Amma kowane mai labari yana ƙara wani abu da hannunsa, kuma wannan ƙarin shi ake yaba masa a kai, shi ake tuhumarsa a kai. Ba za ka karɓi yabon ka ce naka ne, in tuhuma ta zo ka ce na fatake ne ba. Kai ka ɗauki alherin da matar nan ta yi a ɗakinka ka liƙa wa mugunyar da ba ta taɓa rayuwa ba. Yau ɗin nan za ka je gidan masaƙi da gidan attajiri da dogarina, ka faɗi abin da ka faɗa a nan. Kasuwa uku kuma za ka zauna a gindin ceɗiyarka, ka ba da labarin kamar yadda ka gaje shi, ka faɗi shekarunsa, sannan ka ba da na haihuwar 'yarka da sunan wadda ta karɓe ta. Mai unguwa kuwa a gaya masa, Iya ba inda za ta."

Iya Marka ta zame ta zauna a ƙasa, sai a lokacin hawaye suka zo mata.

Abin da ke cikin wannan kuwa shi ne, labari tsoho ne a bakin kowa, ba mai cewa shi ya ƙirƙire shi, amma ɗan abin da mutum ya ƙara da kansa, nan ne hakki yake, kuma nan za a kama shi.

To, Jatau ya amsa nasa. Saura waɗanda suka kewaye tabarmarsa suna tafi. Saura matan da ta wanke wa 'ya'ya, suka ji labarin kasuwa suka rufe mata ƙofa, ko ɗaya ba ta tako ta ce Iya, gaskiya ne? Su alƙali bai kira su ba, har yau kuma suna nan a gidajensu suna gaishe ta kamar ba a yi komai ba. A fito da su ɗaya bayan ɗaya, su tsaya gabanta, su dubi hannun nan, su faɗi abin da ya taɓa yi musu.