Harsashi Mai Ƙamshin Zuma

Akwai wani mutum a Hayin Dogo, nan Samaru, sunansa Mordecai. Wajen shekarar 2006 ke nan. Manomi ne, amma idan ka kira shi manomi sai ya haɗe rai, shi dai a ce masa maharbi. Yana da wata tsohuwar bindiga harba-ruga da ya gada wurin babansa, da ita yake korar birai daga gonarsa ta masara.

Ba ya sayen harsashi, da hannunsa yake zuba abinsa da dalma. Aikin kuma yana da ƙa'ida. Harsashi yakan fito daga zubi da 'yar wutsiya mai kaifi, sai a goge ta da magagari. Sannan a tura shi ta cikin wani zoben ƙarfe, a tabbatar ya yi daidai da bakin bindiga. Daga ƙarshe a shafe shi da kitse haɗe da kakin zuma don ya yi santsi.

Babansa a bukkar gona yake wannan aiki. Shi kuwa Mordecai a tsakar gidan haya yake baje kayansa, don kowa ya ga gwani.

Wata Asabar da hantsi ya shimfiɗa buhu ya zauna. Matarsa Rhoda tana wanki a bakin rijiya, 'yarsu Elizabeth, wadda ake kira Lizi, tana ta yawo a tsakar gida. Shekararta biyu, kuma duk abin da hannunta ya taɓa, baki ne masaukinsa.

Rhoda ta ce, "Baban Lizi, don Allah ka kai kayan nan gona. Yarinyar nan ba ta san wuta ba, ba ta san dalma ba."

Ya ce, "Ke dai yi wankinki. Shekara ashirin ina wannan aiki, ko kaza ban taɓa kashewa bisa kuskure ba."

Maƙwabciyarsu Chinwe, Maman Oby, wadda take sayar da atamfa a kasuwar Sabon Gari, ta leƙo daga ɗakinta. "Oga Mordi, gaskiya ta faɗa maka. Abin nan naka har ƙamshin zuma yake yi, ni kaina babba na kusa lasa."

"To lasa mana, Maman Oby! In kin haɗiye sai mu ɗura ki a bindiga mu harba ki garinku Onica, kin huta da kuɗin mota."

Ya yi dariyarsa shi kaɗai.

Ranar sauri yake yi, birai sun dame shi. Sai ya dubi magagari, ya dubi zobe, ya ce a ransa idonsa ya fi su iya awo. Bai goge ko ɗaya ba, bai auna ko ɗaya ba. Ya kwashe harsasai ashirin da huɗu yadda suka fito, ya mulke su da kitse da kakin zuma, ya jera a faranti. Sannan ya shiga ɗaki neman jakarsa.

Minti nawa ne? Bai fi uku ba.

Da ya fito sai ya tarar da Lizi tsugune gaban faranti, leɓenta yana ƙyalli da maiƙo, tana lasar yatsa. Ta dube shi ta ce, "Baba, alewa."

Ya jawo farantin. Ya ƙirga. Ashirin da uku. Ya sake ƙirgawa. Ashirin da uku. Ya kakkaɓe buhu, ya duba ƙarƙashin kujera, ya buɗe bakin yarinya ya leƙa. Babu komai sai ƙamshin zuma.

"Maman Lizi!"

Muryar da ya kira ta da ita kaɗai ta sa Rhoda ta saki bokiti cikin rijiya. Da ta ji abin da ya faru sai ta ɗora hannu a ka. "Wayyo Yesu! Wayyo na shiga uku! Mordecai, ka kashe min 'ya!"

Gwanin namu ya rikice. Ya ɗaga Lizi ta ƙafa zai zazzage ta kamar buhun gero, yana ihu a kawo manja a ɗura mata. Chinwe ce ta fizge yarinyar daga hannunsa.

"Kai, ka haukace ne? In ya dawo ya toshe mata numfashi fa? Ba manja, ba yatsa a maƙogwaro. Ƙanena Martin yana aiki a wani asibiti a Sabon Gari, suna da injin hoton ciki. Ku tashi!"

Ko ɗankwali Chinwe ba ta tsaya nema ba. Suka tare acaɓa biyu. Chinwe da Rhoda da yarinya a ɗaya, Mordecai a ɗaya, ƙafarsa ɗaya da silifa ɗaya babu. Daga Samaru zuwa Sabon Gari bai taɓa yi masa nisa irin na ranar ba. Duk ramin da babur ɗin gaba ya faɗa, sai ya ji kamar wutsiyar nan ce take yanka hanjin 'yarsa. Domin shi kaɗai ya san abin da bai yi ba.

A asibiti Martin ya shigar da su ba tare da ɓata lokaci ba. Aka ɗauki hoto. Likita, wata dattijuwa mai tabarau, ta ɗaga shi saitin taga. Ga abu nan fari fat, a tsakiyar cikin Lizi.

Ta ce, "Wa ya yi harsashin?"

"Ni ne, likita."

"Mulmulalle ne sumul, ko yana da kaifi? Hoton bai nuna min sosai ba. Ka faɗa min gaskiya, domin da amsarka zan san abin yi."

Rhoda ta yi caraf ta ce, "Sumul ne, likita. Kullum sai ya goge su, sai ya tura su a zobe. Wannan kam na shaide shi."

Jama'a, a nan ne Mordecai ya shiga tsaka mai wuya. Matarsa tana kare shi, ga Chinwe tsaye tana kallo. Da ya yi shiru, da mutuncinsa ya tsira. Ya dubi Lizi tana wasa da igiyar tabarau ɗin likita.

Ya ce, "Ban goge ba. Yau ban goge ba, ban auna ba. Da wutsiyarsa ta haɗiye."

Rhoda ta juyo. Ta dube shi kawai, ta matsa daga kusa da shi. Ya ce daga baya da ma mari ta yi masa.

Likita ta ce, "To, ba za ku koma gida ba ke nan. Za mu kwantar da ita, mu ba ta maganin wanke ciki, mu riƙa ɗaukar hoto. Dalma guba ce, ba a barinta ta daɗe a ciki. In ya kwana biyu bai fito ba, ko ta fara amai, ko cikinta ya ƙulle, sai an yi mata aiki."

Sannan ta miƙa masa fo na yara da ɗan tsinke. "Kai ka zuba shi, kai za ka nemo shi. Duk kashin da ta yi, ka tona."

Mutumin da ko zanin goyo bai taɓa ɗaurayewa ba, shi ne ya koma gadin fo. Lizi na yin nishi zai taso da gudu. Ya tona, babu. Ta yi kuka kaɗan, sai ya ruga kiran nas, ashe yunwa take ji. Ranar Lahadi matan zumunta suka zo daga coci suka yi addu'a, shi yana tsugune a bayan ɗaki da tsinkensa, yana amsa amin daga can. Chinwe ta kawo abinci sau biyu, ko loma bai iya haɗiyewa ba.

Hoton Lahadi ya nuna abin ya gangara, amma ya tsaya wuri guda. Litinin da safe likita ta ce in azahar ta yi bai fito ba, za ta rubuta musu takarda zuwa babban asibiti. Rhoda ta fara ninke kayan yarinya tana hawaye.

Wajen ƙarfe sha ɗaya Lizi ta ce, "Baba, kashi."

Ya ɗora ta a fo, ya durƙusa gabanta yana riƙe da hannayenta biyu. Sai aka ji ƙwas!

Bai ma nemi tsinke ba. Hannu ya sa. Ya ɗago abin nan, ga shi da 'yar wutsiyarsa, ya ruga cikin ɗakin marasa lafiya yana ihu, "Ya fito! Likita, ya fito!" Mutane suna toshe hanci suna kaucewa, shi kuwa yana kuka wiwi kamar yaron goye. Ya nufi Chinwe zai rungume ta don godiya, ta ja da baya da gudu.

"Oga Mordi, na yafe! Je ka wanke hannu tukuna!"

Likita ta duba Lizi, ta ce hanji bai ji rauni ba. Ta sa aka gwada jininta, ta ce su riƙa kawo ta ana dubawa. Da suka fito bakin titi, Rhoda ta kwance goyo ta miƙa masa yarinyar ba tare da ta dube shi ba. Ta ce, "Riƙe 'yarka. Da ka yi wa likita ƙarya, da ba ka sake taɓa ta ba."

Darasi: Ƙwarewa ba ta ba kowa izinin tsallake ƙa'ida, kuma wanda ya gargaɗe ka ba raina ka ya yi ba. Kayan aiki masu haɗari ba na tsakar gida ba ne. In yaro ya haɗiyi wani abu, a bar dabarar gida a ruga asibiti, a kuma faɗa wa likita gaskiya ko da za ta zubar maka da girma. Ku tura wa duk wani gwani da kuka sani mai ƙananan yara a gida.