Ruwan da Inna Ta Ƙara wa Kifaye

An yi wani bawan Allah, ma'aikacin ɗakin gwajin jini a wani asibiti. Ba likita ba ne, amma Likita 'yan unguwa suke ce masa, shi kuma bai taɓa gyara musu ba. Ba ya shaye-shaye, ba ya neman mata, ba a taɓa jin kansa da maƙwabci ba. Da a lokacin aka ce in nuna mutumin kirki, ni ma shi zan nuna.

Ya 'yan uwa, yau ba ni da ƙarfin ɗaga murya. Wanda ke baya ya matso.

Mutumin nan yana zaune da matarsa, malamar makaranta, da mahaifiyarsa, wadda kowa ke ce wa Inna. Ta haura saba'in, gwiwoyi sun ƙi. Da keken ɗinki ta raine shi, shi da yayarsa, bayan rasuwar mahaifinsu, har idanunta suka raunana.

Wata rana ya gani a waya cewa ana kiwon kifin teku a cikin ɗaki. Ba irin kifin da kuka sani ana kiwo a sayar ba. Wannan ba a ci, ba a sayarwa, kallo kawai ake yi. Ana kawo babban akwatin gilashi, a cika shi da ruwan gishiri, a jera duwatsun teku, a dasa murjani a kansu. Murjanin nan da kuke gani a wuyan mata, ashe asalinsa halitta ce mai rai, tana buɗewa tana rufewa a cikin ruwa. Abin ya shiga ransa, ya hana shi sukuni.

Da akwatin ya iso, sai aka rasa inda za a ajiye shi. Murjani ba ya son zafi, ba ya son rana ta doke shi. Ɗakin da ya fi sanyi a gidan kuwa na Inna ne. Sai aka kwashe kayanta aka mayar ƙaramin ɗaki kusa da kicin, inda ake tara buhuna. Ta ce ba komai, nan ma ya fi mata kusa da banɗaki.

Ku ji irin hidimar da ya ɗora wa kansa. Ba ya zuba ruwan famfo sai ya tace shi da na'ura. Gishirin ma ba na miya ba ne, na musamman ne da ake kawowa a bokiti, sai ya auna shi a sikeli, ya dama, ya bar shi ya kwana. Yana da ɗan ma'aunin gishiri kamar guntun bututu, ya ɗiga ruwa a kai, ya ɗaga sama ya leƙa da ido ɗaya. Yana da 'yan kwalabe da yake ɗiga magani a ciki yana duba launi, kamar yadda yake yi da jinin mutane a wurin aiki. Kafin ya saka kifi ko ɗaya, sai da ya bar akwatin mako shida daga ruwa sai duwatsu, wai sai ruwan ya nuna. Mako shida yana dawowa daga aiki ya ja kujera ya zauna yana kallon dutse. Kada wani ya ce mini mutumin nan ba shi da haƙuri. Yana da shi, ya dai san inda yake kashe shi.

Ni ban ce kiwon kifi haramun ne ba. Kada ku fita ku ce malam ya hana. Na shiga ɗakin da ƙafata, na ga shuɗiyar fitila a kan ruwa, na ga kifaye masu launin da ban san Allah ya halitta ba, na yi tasbihi. Abin yana da kyau.

To akwai ƙa'ida guda a wannan kiwo, ku riƙe ta don ku gane abin da ya faru. Kullum ruwan akwatin yana raguwa, iska tana shanye shi. Amma ruwan ne kaɗai ke tafiya, gishirin yana nan. Saboda haka in ruwa ya ja, tataccen ruwa zalla ake ƙarawa, ba mai gishiri ba. In ka ƙara mai gishiri, gishiri ya hau kan gishiri, abin da ke ciki ya ƙone. Maganar ba ta fi numfashi biyu ba, ga shi na faɗa muku kun gane.

Wannan ƙa'ida ya koya wa baƙin da bai taɓa gani ba a waya, ya yi ta rubuta musu dogon bayani. Ya koya wa mai yi masa aski. Ni ma ya tsare ni a ƙofar masallaci ya koya mini, ina tsaye da takalmi a hannu. A cikin gidansa kuwa, abin da ya faɗa kalma uku ne: “Kada a taɓa.”

Matarsa ta taɓa fesa maganin sauro a falo, ƙofar ɗakin kifin a buɗe. Kwana biyu bai yi mata magana ba. Daga ranar ta ɗauke idonta daga ɗakin, ko shara ba ta shiga yi.

Inna ce ba ta yi fushi ba. Da hantsi, in gida ya yi shiru, sai ta ja kujerar roba ta zauna a bakin ƙofar tsohon ɗakinta da carbinta, tana kallo. Akwai wani rawayan kifi mai yawan ɓuya a bayan dutse, ta sa masa suna Amarya. In ɗanta ya dawo sai ta ce, “Amaryarka yau ta fito sau biyu, ta fara sakin jiki.” Hira take nema. Shi kuwa sai ya ce, “Inna, ba dai kin ƙwanƙwasa gilashin ba?”

Ana nan, aka tura shi kwas na kwana biyar a wani gari, a tsakiyar zafi. Kafin ya tafi ya shirya komai. Ya sa na'urar da ke zuba wa kifi abinci da kanta. Ya cika jarka da tataccen ruwa, ya haɗa ta da ɗan injin da ke ƙara ruwa in ya ja. Ya manna salatif a jikin gilashi daidai inda ruwa ya kamata ya tsaya. Ya yarda da inji, bai ga dalilin yi wa mutum bayani ba.

Rana ta biyu ɗan injin ya maƙale. Ruwa ya sauka ƙasa da salatif, babban famfon da ke juya ruwan akwatin ya fara zuƙar iska yana wani gurnani kamar mai minshari. Inna ta ji, ta leƙa, hankalinta ya tashi. Ta gaya wa surukarta. Ita kuwa tana saurin fita makaranta ta ce, “Inna, don Allah ki bar masa kayansa, kin san halinsa.”

Inna ta kira shi a waya sau uku. Yana zaune a lokacin hutu da kofin shayi a hannu, ya ga sunanta a fuskar wayar, ya kife ta. Shi ya gaya mini wannan da bakinsa. Ya ce a ransa, ai ba zai wuce ta tambaye ni ko na ci abinci ba, zan kira anjima.

Ya 'yan uwa, waye a cikinmu bai taɓa kife wayar nan ba?

Da ta ga ba mai ɗauka, sai ta yi abin da uwa ke yi. Ta sha ganinsa yana dama gishiri a bokiti. Ta ce kifin gishiri ai ruwan gishiri yake so. Ta tari ruwan famfo, ta ɗebi gishirin da kofi, ta ƙara, ta kuma ƙara, don ita a rayuwarta ba ta iya rowa ba. Ta dama da muciya. Tsohuwar da ba ta iya sunkuyawa ta ɗauki allura, ita ta ja bokiti daga kicin zuwa ɗakin, ta taka kujera, ta ɗaga, ta juye. Famfon ya yi shiru, ta ji daɗi. Washegari ruwan ya sake ja, ta sake yi. Kwana uku tana wannan aikin, tana jiran ranar da zai dawo ya ga ita ma ta tsinana wani abu.

Ya dawo bayan la'asar. Tun daga ƙofar falo ƙarni ya tare shi. Ruwan ya yi fari kamar an wanke shinkafa a ciki. Murjanin da ya shekara biyu yana lallaɓawa ya saɓule, ya bar farin ƙashi. Kifayen sun taso, ciki a sama. Inna ta biyo shi da sandarta, jikinta ya riga ya yi sanyi, ta ce, “Sannu da hanya. Ruwan ne ya yi ta ja, na yi ta ƙara musu. Wallahi ban rage musu gishiri ba.”

Ba na son maimaita abin da ya ce, amma dole ku ji. A gaban matarsa ya juyo ya ce, “Wa ya sa ki? Tun da kika zo gidan nan me kika taɓa bai lalace ba? Ki zauna ki ci ki kwanta, shi ma ya gagara?”

Inna ba ta yi kuka ba. Ta dube shi, ta ce, “Ka yi haƙuri.” Uwa ce take ba ɗanta haƙuri. Washegari ta ce a kira mata 'yarta, ta haɗa kayanta a jaka ɗaya. Yana gida lokacin da motar ta zo. Yana ɗakin kifi da tiyo a hannu yana zubar da ruwa, ya ji an rufe ƙofar mota, bai fito ba.

Kada ku ɗauka bai yi nadama ba. Ya yi, tun a makon farko. Amma ya ce bari zuciya ta huce, bari in gyara akwatin tukuna, sai in je da hoto in nuna mata komai ya dawo, maganar ta fi sauƙin yi. Kun ji dabarar Shaiɗan. Ba ya ce maka kada ka tuba. Cewa yake ka tuba in ka shirya.

Ya wanke gilashi, ya sake dama gishiri, ya sake zaman jiran mako shida. A mako na uku yayarsa ta kira ta ce Inna ba ta iya tashi, bayanta ne, ashe tun ɗaukar bokitin nan ta ji ciwo ta ɓoye. Ya ce zai zo ranar hutu. Ranar hutu ita ce ranar canjin ruwa. Mako na gaba, tun wa'adin bai cika ba, aka kawo masa sababbin kifaye, su kuma ba a juye su haka nan, sai an yi ta ɗiga musu ruwan akwatin ɗigo-ɗigo har su saba. Tsakanin gidansa da na yayarsa bai kai tafiyar awa biyu ba.

A mako na biyar, yana wurin aiki da kwalbar jini a hannu, aka kira shi aka ce Inna ta cika.

Bayan an dawo daga maƙabarta ya samu yayarsa a tsakar gida. Ya durƙusa ya ce, “Yaya, ta ambace ni? Ta ce ta yafe?” Yayar ta ce, “Ba ta yi maganar yafiya ba, kuma ba zan yi maka ƙarya ba. Abin da take tambaya kullum, har jiya da safe, shi ne ko akwai wanda ya rayu a cikin kifayen. Ta ce in ka zo in ce maka ba da gangan ta yi ba.”

Daga nan mutumin nan bai ƙara zama daidai ba. Shi da ke ƙirga ɗigo ba kuskure, sai ga shi yana kuskure a wurin aiki. Ya haɗa sakamakon wani majinyaci da na wani, aka ja masa kunne, ya sake, aka sallame shi. Yayarsa ba ta zage shi ba, ta dai daina kira. Matarsa tana nan, amma ta ce mini tun ranar da ta ji abin da ya faɗa wa wadda ta haife shi, ta san matsayinta. Yana zuwa wurina lokaci-lokaci, ya zauna, ya yi tambayar nan guda: “Malam, kana ganin ta yafe?” In ce masa ya yi mata addu'a, ya yi sadaka, ya kyautata wa yayarsa, rahamar Allah tana da faɗi. Ya ce ya sani, amma ta yafe? Ni kuma ban sani ba. Wadda ta sani tana ƙarƙashin ƙasa.

Ya 'yan uwa, na gaji da irin wannan labarin. Shekara da shekaru ina zaune a nan ina faɗa, ku gyaɗa kai, ku fita ku manta. Ba kifi ne ya halaka shi ba. Wani motarsa ce, wani shagonsa, wani wayar da ke aljihunsa yanzu tana motsi. Kowa yana da abin da yake zuba wa haƙuri da tausasawa, ya dawo gida da ragowar fushi ya juye wa tsohuwa. Mutumin nan ya yi wa baƙo bayani na awa guda, ya hana mahaifiyarsa na minti ɗaya, sannan ya hukunta ta a kan abin da bai koya mata ba. Da ya gane kuskurensa kuma, sai ya sa wa tuba rana, kamar ajali a hannunsa yake.

Wanda mahaifiyarsa ke da rai, ba na neman ya yi mini alkawari. Ya tashi daga nan ya je. In akwai maganar da ya faɗa mata wadda ba ta dace ba, kada ya jira komai ya gyaru, ya je hannu rabbana ya durƙusa yau, tun tana iya amsa masa da bakinta.

Allah ya jiƙan Inna da iyayenmu da suka riga mu. Allah ya sassauta wa wannan bawa nasa. Mu kuma Allah ya kiyaye mu da harsunanmu, kada ya bar mu da tambayar da ba mai amsa mana.