Tunkiyar da Kogi Ya Tafi da Ita

Akwai wani mutum makiyayi, gidansa a bakin kogi yake. Wata tsohuwa gwauruwa ta ba shi kiwon tunkiyarta, ita kaɗai ke gare ta. Suka yi alkawari irin na mutanen ƙasar: in ta haihu su raba 'ya'yan, in kuwa ta mutu ya kawo fatarta shaida, shi ke nan ya fita.

Ana tsakiyar damina, kogi ya cika ya tumbatsa, irin cikar da ko tsofaffi ba su taɓa gani ba. Ruwa ya kwashe garken mutumin duka, har da rumbunsa. Da ƙyar ya fitar da 'ya'yansa.

Da ruwa ya janye, ya je wurin tsohuwar ya durƙusa, ya ce, "Iya, ruwa ya tafi da tunkiyarki."

Ta ce, "Ina fatar?"

"Iya, ko igiya ruwan nan bai bar mini ba."

"Ni alkawari na sani, ban san ruwa ba. Wanda bai kawo fata ba, sayarwa ya yi." A gaban mata masu daka ta faɗi haka.

Mutumin nan bai taɓa cin amanar kowa ba, maganar ta tsaya masa a rai. Ya bar gyaran ɗakinsa, ya bi gaɓar kogi yana tonon laka, yana juya mushen dabbobi ko zai gane tata. Sanyi ya shiga ƙirjinsa, ya kwanta.

Labari ya kai wa tsohuwar. Ta san ta yi kuskure, amma girman kai ya sa ta yi ta jan ƙafa. Ranar da ta ɗauki sandarta za ta je ta ce masa ta yafe, sai ta gamu da mutane suna dawowa daga binne shi.

Ma'anar wannan misali ita ce: alkawari abu ne mai nauyi, kada wani rago ya ji wannan ya ce ya sami mafaka. Wanda barci ko sakaci ya hana shi cikawa, ya biya, ba ruwana da kukansa. Amma akwai abin da ya fi ƙarfin ɗan Adam, kamar ambaliya da gobara da annoba da yaƙi. Ran da irin wannan ya faɗo, alkawari ya kwance, gama ba wanda ya taɓa cewa zai tare kogi da hannu. Ubangiji da kansa ya san mu turɓaya ne, ba ya neman abin da ba mu da shi.

Kai da kake riƙe da wani a zuciya kan abin da ba hannunsa ya yi ba, tashi ka sake shi yau, tun yana iya jinka. Tsohuwar nan a bakin kabari ta faɗi nata, ba wanda ya amsa.